Ba sunan dokta ne damuwarmu ba, majinyaci ya iso mu da wuri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ina neman ɗan fili in yi magana kan aikinmu na fisiyo, wato masu gashin ƙashi kamar yadda mutanenmu suka fi saninmu, saboda na lura duk sanda za a yi zancen lafiya a jaridun Hausa to likita ne da nas da mai ba da magani, mu kam ba a cika tunawa da mu ba sai in an zo lissafin waɗanda suka tafi yajin aiki. Ni ma'aikacin fisiyo ne a nan Zariya, na daɗe a cikin aikin, kuma abun da zan faɗa ya daɗe yana ci na a rai.

Tun watan Janairun 2025 da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa NUC ta sanar cewa karatun fisiyo ya zama shekara 6 kuma wanda ya gama zai fita da digirin DPT, wato digirin dokta a fannin fisiyo, tare da na masu haɗa magunguna da na masu duba ido, ake ta kai ruwa rana a Facebook da WhatsApp, wasu na murna wasu na cewa ai yanzu kowa so yake a kira shi dokta. Ni na yi murna da ƙarin shekarar don karatun yana buƙatarta. Amma wallahi ba sunan ne ke hana ni barci ba. Abun da ke hana ni barci shi ne lokacin da majinyaci yake isowa hannunmu, kusan kullum a makare, kuma duk wani haƙƙi da muke nema a wannan aiki in ka bi diddiginsa nan yake komawa.

Ka ɗauki mai shanyewar ɓarin jiki. Yanzu da wuya ka shiga unguwa a Zariya, daga Kwarbai zuwa Gyallesu zuwa Samaru, ba ka ji gidan da ake jinyar irin wannan ba, hawan jini ya yi mana katutu kuma mutanenmu ba sa zuwa awo sai sun faɗi. Abun da ilimi ya tabbatar shi ne yawancin sauƙin da jikin zai samu yana zuwa ne a wata 3 zuwa 6 na farko, lokacin ne ƙwaƙwalwa take da saurin koyon sabuwar hanyar sarrafa hannu da ƙafa a madadin wajen da ya lalace, bayan nan ma ana samun ci gaba amma a hankali kuma da wahala sosai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To mu yaushe ake kawo mana mutum? Sai an sallame shi an ce a je gida a ci gaba da shan magani, a kwantar da shi a ɗaki kowa na tausayinsa ba a bari ko kofi ya ɗauka da kansa, a yi wata takwas ko shekara guda a haka, sannan wani ya ce ku gwada kai shi gashi mana. Lokacin hannu ya riga ya naɗe a ƙirji, yatsu sun dunƙule ko farce ba a iya yanke masa, kafaɗa ta zame tana masa ciwo dare da rana saboda masu jinya suna ɗago shi ta wannan hannun da ya mutu ba su san illa ba ne, jijiyar dunduniya ta ɗaure ƙafa ba ta taka ƙasa daidai, wani ma gyambon kwanciya ya buɗe masa a ƙugu don ba a juya shi. Duk waɗannan ba cutar ce ta kawo su kai tsaye ba, zaman da aka yi ne ba motsi. Da a makon farko aka nuna wa matarsa ko ɗansa yadda za a juya shi duk bayan awa biyu, yadda za a tallafi hannun da filo, yadda za a zaunar da shi a bakin gado a fara koya masa tsayuwa, da yawancinsu ba su faru ba. Ban hana addu'a da tofi ba, mu ma da su muke fara aiki kullum, amma a haɗa da motsa jikin, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Haka abun yake a wajen yara, kuma nan ne ya fi taɓa min zuciya. Jaririn da aka sha wahalar haihuwarsa kafaɗa ta maƙale aka ja, ya fito hannu ɗaya ba ya motsi, in an kawo shi tun yana 'yan makonni akwai fata sosai. Yaron da shawara ta yi masa tsanani a satin farko ko sanƙarau ya kama shi ya tashi wuya ba ya tsayawa, ba ya zama sa'anninsa na rarrafe, sai a ce ai nauyin ƙafa ne irin na gidansu, ko a ce ɗan ruwa ne, a jira har shekara uku huɗu. Yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu a kemis aka taɓa babbar jijiya ƙafa ta saki yana janta. Mun gode Allah a watan Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan sun girma, suna buƙatar takalmin ƙarfe da sanda da keke da wanda zai duba musu gaɓoɓi, ba su tafi ko'ina ba.

To me ke jawo makarar? Wani lokacin ba wanda ya faɗa musu akwai mu, wannan gaskiya ne. Amma ko sun sani ɗin ina za su same mu? Kusan duk wanda ke buƙatar fisiyo a wannan yanki idonsa na kan asibitin koyarwa na ABU da ke Shika da 'yan manyan asibitocin cikin gari, kuma ma'aikatan wajen suna iya ƙoƙarinsu, amma asibitin koyarwa ba an gina shi ba ne don ya ɗauki kowane ciwon baya da kowace gwiwa ta ƙasar Zazzau baki ɗaya. Mutumin Soba ko Ikara ko Kubau ko Makarfi ko can cikin Giwa da mahaifinsa ya shanye, ba zai hau mashin da shi ba, sai ya yi shatar mota, ga mutum biyu masu ɗaukarsa sun bar gona ko kasuwa, kuma aikinmu ba irin na zuwa sau ɗaya a karɓi magani a tafi ba ne, sau biyu ko uku ne a sati na tsawon watanni. Da wannan tsadar man fetur ɗin wa zai iya? Za su zo sati biyu uku sai ka daina ganinsu, ba don sun raina aikin ba, kuɗin mota ne ya ƙare. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, gwamnati ta yi tsarin a samu asibitin matakin farko guda a kowace mazaɓa, tsari ne mai kyau ban musa ba. Ina roƙon wakilanku su je su tambaya, a cikin manyan asibitocin ƙananan hukumomin nan nawa ne ke da ma'aikacin fisiyo ko da guda ɗaya, da ɗaki ko da ƙarami ne, da gado da sandunan koyon tafiya. Ba sai an sayi injina na miliyoyi ba, kaso mafi girma na aikinmu hannu ne da ido da ilimi da koya wa iyali. In aka ajiye mutum biyu a kowane babban asibiti, ana ba su rana ɗaya ko biyu a sati su zaga asibitocin mazaɓu, wallahi za a ga bambanci cikin shekara guda.

Sai maganar takardar turawa, wadda ita ce aka fi yi mana mummunar fahimta a kanta. A aikace a yawancin asibitocin gwamnati mai ciwon baya ko ciwon wuya ko wanda ya yi targaɗe a ƙwallo ba ya iya zuwa wajenmu kai tsaye, sai ya yanki kati ya bi layin ganin likita, a rubuta masa maganin kashe zafi, ya dawo a sake rubutawa, a tura shi wani asibitin ƙwararru a ba shi rana bayan sati shida, sannan daga can a rubuto masa ya zo fisiyo. Likitan nan shi ma layi ya yi masa yawa, mutum ɗaya yana duba jama'a tun safe har la'asar, mu kuma ga mu a zaune da ilimin da zai rage masa rabin wannan nauyin. Ba sabon abu muke nema ba. Ƙasar Ostireliya tun 1976 ta amince mai fisiyo ya ga majinyaci ba sai an turo shi ba, Ingila ta biyo baya a 1977, har ta kai a 2013 an ba waɗanda suka yi ƙarin horo a can damar rubuta wasu magunguna da kansu. Ni ban ma kai ga maganar rubuta magani ba, ba ita ce a gabana ba yanzu. Ina cewa ne a buɗe ƙofa a rubuce, a tsarin asibiti da na inshora, mai ciwon gaɓa da tsoka ya iya shigowa wajenmu tun farko.

Na san abun da 'yan uwanmu likitoci ke tsoro kuma tsoron nasu ba na banza ba ne, suna cewa in ciwon bayan nan alamar wata babbar cuta ce fa? Amsata ita ce ai don haka muka yi shekarun da muka yi a jami'a, muka yi karatun sassan jiki a ɗaki ɗaya da ɗaliban likita muka zaga wod wod, wato ɗakunan da ake kwantar da majinyata. An koya mana alamomin da in ka gani ba ka taɓa mutum sai ka miƙa shi. Mai ciwon baya da ke rama yana zufar dare yana zazzaɓi, wannan sai a binciki tarin fuka na ƙashin baya ko wani ciwon daji kafin komai. Wanda ciwon baya ya zo masa da kasa riƙe fitsari ko bayan gida da mutuwar fata tsakanin cinyoyi, wannan a ranar ake neman likitan tiyata ba gobe ba. Ƙwaurin da ya kumbura ya yi zafi ga mutumin da ya daɗe a kwance, ba a matsa shi don zai iya zama gudan jini ne ya tafi huhu ya kashe shi nan take. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji ba a sa masa zafi don zai ƙone bai sani ba, ƙunar ta zama gyambon da zai ci ƙafar. Mu da likita abokan aiki ne, majinyaci ɗaya muke yi wa hidima, kuma ni na yi aiki da likitocin ƙashi da na ƙwaƙwalwa da na yara waɗanda tun ranar farko suke kiranmu wod, majinyatansu su ne suka fi saurin tashi. Rigimar da ake yi a sama tsakanin ƙungiyoyi kan tsarin albashin likitoci CONMESS da na sauran ma'aikatan lafiya CONHESS da wa zai shugabanci asibiti tana da nata muhimmancin, albashi haƙƙi ne ba zan ce a bar shi ba, amma kar ta sa mu manta cewa a bakin gado ba mu da abokin gaba.

Abun takaicin shi ne ƙofar da aka rufe wa mai lasisi a buɗe take ga wanda bai da shi. Yau mutum zai sayo wani inji mai jijjiga ko gado mai ɗumi daga irin kamfanonin nan na ka kawo mutum a ba ka kaso, ya kama shago a Sabon Gari ko Tudun Wada ya sa farar riga ya rubuta fisiyo a allo, yana cewa injinsa na maganin shanyewar jiki da suga da hawan jini da rashin haihuwa duk a tare, har ya ce wa mutum ya daina shan maganin hawan jininsa. Ba wanda ya nemi takardar turawa a wajensa, ba wanda ya tambaye shi ina ya yi karatu. Alhali akwai doka. Tun 1988 aka kafa hukumar MRTB da doka mai lamba 38, ita ke yi wa masu fisiyo rajista da masu koyar da ayyukan yau da kullum ga naƙasassu da masu gyaran magana da ji da masu haɗa ƙafar roba, ita ke ba da lasisi kuma ana sabunta shi duk shekara. Duk wanda zai taɓa jikin mahaifiyarka da sunan fisiyo kana da iko ka ce ya nuna maka lasisinsa na wannan shekarar, in na gaskiya ne ba zai ji haushi ba. Ina kira ga hukumar da ma'aikatar lafiya ta jiha su ƙara yawan fita duba irin waɗannan shaguna a garuruwan Arewa, don mu muke karɓar ɓarnar in ta faru.

Masu ɗori kuma daban suke, ba na haɗa su da waɗancan. Sana'a ce ta gado, sun riga mu a garin nan kuma jama'a sun yarda da su fiye da yadda suka yarda da mu, wannan ba abun musu ba ne. Matsalar da muke gani ita ce ɗauri da ƙarfi har jini ya kasa wucewa hannun yaro ya yi baƙi a ƙarshe a yanke, da karayar da ta haɗa da rauni a buɗe, da gaɓar da aka ɗaure watanni ta sandare. Zagi ba zai gyara wannan ba. A zauna da su ta hannun masarauta da sarakunan sana'arsu, a nuna musu alamomin da in sun gani su turo asibiti, a ce musu in ƙashi ya kama ku aiko mana shi mu buɗe gaɓar. Da yawansu masu tsoron Allah ne za su karɓa in aka zo musu da mutunci.

Yanzu bari in zo kan yaranmu masu tasowa a aikin, don in ba su ba duk wannan surutun banza ne. A sani cewa Arewa a makare ta shiga wannan fanni. Tun 1945 wasu Turawan Ingila biyu suka fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, ƙungiyarmu ta masu fisiyo ta ƙasa NSP an kafa ta 1959 tun kafin 'yancin kai, jami'ar Ibadan ta fara karatun digiri a fannin a 1966. Mu nan sai da aka yi fiye da shekara ashirin bayan Ibadan kafin a fara horarwa a Kano, a gefen asibitin ƙashi na Dala tare da jami'ar Bayero, daga baya Maiduguri ta biyo. Don haka ƙarancinmu a Arewa yana da tarihi, kuma yanzu da Allah ya sa yaranmu sun fara shigowa da yawa bai kamata mu bari su zube a hanya ba. Amma me ke faruwa? Yaro ya gama digiri ya yi rantsuwa an ba shi lasisin wucin gadi, dole sai ya yi shekara ɗaya ta horon aiki a asibitin da hukuma ta amince kafin ya samu cikakken lasisi ya tafi bautar ƙasa. Guraben horon kaɗan ne, masu nema da yawa, sai ka ga yaro mai ƙwazo yana zaune a gida shekara ɗaya biyu yana yawo da fayil daga Kaduna zuwa Kano zuwa Abuja, abun da ya koya yana zubewa, wani ya gaji ya kama sayar da waya ko kasuwancin intanet shikenan an yi asararsa. Me zai hana a yi tsarin rarraba su daga waje ɗaya, kowa ya san inda za a tura shi tun kafin ya bar makaranta, kuma jihohi su gyara sashen fisiyo na manyan asibitocinsu har su cancanci karɓar masu horo? Jihar da ta yi haka ita ta ci riba, ta samu hannun aiki kuma wasu za su zauna.

'Yan mata kuma ina roƙon iyaye su bar su su karanci wannan fanni, dan Allah. Aikinmu taɓa jiki ne, akwai mata da yawa a garin nan da gara su zauna da ciwon da dai namiji ya kama musu ƙugu ko cinya, kuma ban ga laifinsu ba, tarbiyyarmu ce da addininmu. Matar da ta haihu take fama da ciwon ƙugu ko fitsari na zubo mata in ta yi tari, wadda aka yi wa aikin yoyon fitsari ƙafarta ta saki saboda doguwar naƙuda, wadda aka cire wa nono hannu ya kumbura, tsohuwar da gwiwa ta hana ta sujada, duk akwai taimakon da fisiyo za ta yi musu amma sai da mace 'yar uwarsu za su saki jiki su faɗi abun da ke damunsu. Duk sashen da ba mace a ciki to rabin gari bai da sashen.

Wanda ya samu aikin ma akwai inda yake tsayawa. Matakan ƙarin girma suna nan daga ƙaramin ma'aikaci har darakta, amma yawanci shekaru ake ƙirgawa ba ƙwarewa ba, kuma kana hawa kana nisa da majinyaci kana kusa da fayil da mitin. Wanda ya kashe kuɗinsa ya yi mastas ko ya ƙware a kan yara ko jijiyoyi ko numfashi ko lafiyar mata, sau da yawa albashinsa da matsayinsa ɗaya da wanda bai ƙara komai ba. Ya kamata a samu hanyar da ƙwararre zai hau har ƙoli yana bakin gado, da horon ƙwarewa bayan digiri mai doka a bayansa wanda gwamnati za ta san da shi ta biya shi, kamar yadda likitoci ke da nasu. Rashin wannan yana cikin abun da ke korar mutanenmu zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. Ba na zagin wanda ya tafi, kowa da nauyin da ke kansa, iyaye ne da ƙanne da haya. Amma duk wanda ya tafi ya bar layin da sai ya ninka a kan wanda ya rage, kuma waɗanda ke tafiyar su ne masu shekara biyar zuwa goma a aiki, waɗanda ya kamata su koyar da na baya.

Inshora ma a duba. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, jiharmu ma tana da nata tsarin na KADCHMA, madalla. Amma fisiyo a tsarin tarayya yana matakin da sai an nemo izini kafin a fara kuma an ƙayyade yawan zuwan da za a biya, mai shanyewar jiki kuwa buƙatarsa ta watanni ce. A ware irin waɗannan cututtuka masu dogon zango a ba su nasu lissafin. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan mutum biliyan 2.4 a duniya ke da larurar da irin wannan aiki zai taimaka musu, wato kusan ɗaya cikin uku, kuma a watan Mayun 2023 babban taronta ya zartar da ƙuduri na farko kan a shigar da gyaran jiki cikin tsarin lafiya tun daga matakin farko, Najeriya mamba ce. Muna da dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Takardu ba su ne suka yi mana kaɗan ba. Magidancin da aka bari ya naƙasa alhali zai iya komawa kan keken ɗinkinsa ko shagonsa, gidansa gaba ɗaya ya shiga talauci, yara su bar makaranta, mata ta zama mai jinya ta daina sana'arta, wannan asarar ta fi albashin ma'aikacin fisiyo nesa ba kusa ba.

Mu ma 'yan fisiyo akwai gyara a wajenmu. Duk ranar 8 ga Satumba muna bikin ranar fisiyo ta duniya, mu sa riga iri ɗaya mu yi tattaki mu shiga ɗakin taro mu yi wa junanmu lacca da Turanci mu ɗau hoto mu watse, tsohuwar da ke Ƙofar Doka da gwiwa ta hana ta fita ba ta san an yi ba. Neman haƙƙi ba a ofishin minista kaɗai ake yinsa ba. In jama'a suka san amfaninmu su ne za su tsare ɗan majalisarsu su ce me ya sa babu mai gashi a asibitinmu, kuma muryarsu ta fi tamu nauyi don su ke da ƙuri'a. Mu nemi fili a Rediyon Tarayya Kaduna da tashoshin FM na nan Zariya mu yi magana da Hausar da kowa zai gane, mu je wajen limamai su ba mu minti biyar bayan sallar Juma'a mu yi bayanin hawan jini da abun da za a yi a satin farko in mutum ya faɗi, mu je Islamiyyun matan aure, mu je tashar 'yan acaɓa da masu Keke Napep da haɗari ke kawo mana su kullum daga Kwangila da hanyar Kano, mu je sakandare mu nuna wa yara akwai wannan karatun. Kuma mu riƙa rubuta abun da muke yi, mutum nawa suka zo a kwance suka koma da ƙafarsu, bayan wata nawa da faɗuwa suka iso, daga wace ƙaramar hukuma, nawa suka daina zuwa saboda kuɗin mota. Kwamishina ko shugaban kwamitin lafiya na majalisa ba zai ƙara gurbi don mun ce ana raina mu ba, amma in ka ajiye masa lissafin mazaɓarsa a gabansa dole ya duba.

Yajin aiki kuma ina roƙon shugabanninmu su riƙa tuna cewa majinyacinmu ba kamar na kowa ba ne, sati shida da aka rufe sashe ga wanda ya shanye a watan nan wani yanki ne na lokacin da ba zai dawo masa ba har abada. Gwamnati ta cika alƙawarin da ta sa wa hannu don kar a kai ga haka, mu kuma in ta kama dole a bar ƙofa ga sababbin faɗuwa da jarirai.

A ƙarshe Malam Edita ina roƙon abu biyu daga jaridarka. Ku ba masu fisiyo fili ko sau ɗaya a wata su amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, akwai abokan aikina maza da mata a Zariya da Kaduna da Kano da za su yi wannan kyauta. Sannan in lokacin kare kasafin kuɗi ya zo a majalisar jiha, wakilinku ya tambayi ma'aikatar lafiya gurbin fisiyo nawa ta sa a ɗaukar ma'aikata na shekara mai zuwa da kuma asibitocin da za a tura su, ku buga mana amsar mu gani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri. Na gode.

Wassalam,
Naku mai karatu, ma'aikacin fisiyo,
Tudun Wada, Zariya.